Tudu Uku a Ƙofar Yaya Fanna

Da sunan Allah na ɗauki alƙalami, shi da ya ja kwanana har na ji 'ya'yan cikina suna ba da labarina a karkace. Ranar sunan 'yar ɗana Modu ina zaune a zaure ana raba goro, sai na jiyo shi daga cikin gida yana gaya wa surukansa wai Baba ya taɓa rusa ɗakin yayarsa da ruwan sama. Aka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Na bar shi ya ƙarasa, don ranar farin ciki ce, amma maganar ta tsaya mini a rai. Ɗakin ya faɗi, ban musa ba, kuma ni na jawo. Sai dai kun ɗauki ƙarshen labarin kun bar farkonsa, alhali a shekarar babu ko ɗayanku a Diffa. Kai Modu kana Damagaram wajen karatu, ke Bintu kina ɗakin mijinki. To ku ji daga bakin mai shi.

Ku kun san Yaya Fanna tsohuwa ce mai sanda da faɗa. Ni na san ta tun tana budurwa. Mahaifiyarmu ta rasu ban kai shekara shida ba, ita ta raine ni, ita ta yi mini wanka, ita ta hana yaran unguwa cin zalina don ta samu ta dake ni ita kaɗai. Babanmu yana da garkar tattasai a bakin kogin Komadugu, kuma ba shi ya koya mini ban ruwa ba, ita ce. Duk fangalin da na ja a karkace, rankwashi ɗaya. Daga baya ta yi aure a ƙetaren kogi, ɓangaren Najeriya, ta zauna can har mijinta ya rasu. Da fitina ta taso mutane suka watse, ta tsallako da ƙafa cikin jama'a, ba ta da komai sai akwatin ƙarfe guda da tabarma. Wasu suka sauka a Gagamari, wasu aka kwashe su zuwa sansanin 'yan gudun hijira na Sayam. Ni na ce muddin ina numfashi yayata ba za ta kwana a tanti ba. Na gyara mata ɗaki a gidana, ta dube shi ta taɓe baki, ta ce ita ba ta kwana a ƙarƙashin rufin ƙaninta. Akwai tsohon kangon babanmu daura da gidana, tsallaken titi, da ɗakin ƙasa guda ɗaya a ciki. Can ta zaɓa, can na kai mata akwatinta.

A shekarun ne hukuma ta hana hawan babur saboda tsaro. Nawa na tura shi zaure na lulluɓe da tsohuwar tabarma, na zaro keken da na yi shekaru ban hau ba, na sa aka sake masa taya. Kwanakin farko cinyoyina sun gaya mini magana, amma na saba. Garin ya yi tsit, har kukan kurciya kana ji da tsakar rana. Titinmu kuwa dama rairayi ne, mota ba ta son sa. Kullum da hantsi Yaya Fanna za ta yafa mayafi, ta ɗauki ƙwaryarta, ta tsallako. Daga ƙofarta zuwa tawa taku ashirin ne. Ta zauna da mahaifiyarku Hawa'u a gindin dogon yaro suna cire wa busasshen tattasai hanci, suna atishawa, ita tana zuba Kanuri, Hawa'u tana mayar mata da Hausar Damagaram, kowa na gane ɗan'uwansa. Ta ci abincin rana, ta kushe miya, ta yi mini faɗa in na dawo daga garka, sai gab da magariba ta koma. Ban taɓa gaya mata ba, amma in na karyo kwana a kan keke na jiyo muryarta daga cikin gidana, gajiyar ranar sai ta sake ni.

Sai aka zo aka zuba wa titin namu jar ƙasa, aka daddale shi da inji. Muka yi ta godiya, har da ni a gaba-gaba. Ba a yi wata guda ba direbobi suka gane cewa in sun bi ta wajenmu sun huta da cunkoson bakin kasuwa. Fararen motocin masu agaji da ke zuwa sansani, taksi, kamiyo mai kaya, kowa ya dawo ta ƙofarmu, kuma da gudu kamar ana korarsu. Babur da muke kuka da shi a da ashe ɗan lele ne. Mata suka daina shanya a ƙofar gida. Tsofaffi suka janye tabarmarsu daga inuwar bango. Ni kaina in ina kan keke na ji mota a bayana, sai in sauka in manne da garu har ta wuce.

Idon Yaya dama ya fara yin yana, ba ta gani sosai. Wata safiya ta kai tsakiyar titi sai wata mota ta danno, direba ya danna oda, ita kuma ta rasa gaba za ta yi ko baya. Allah ya tsare, ya taka birki bai taɓa ta ba. Amma ƙwaryar ta suɓuce ta fashe, ita kuma ta zauna daɓas a tsakiyar hanya. Hawa'u ce ta fito da gudu ta kama ta ta mayar da ita ɗaki. Tun daga ranar ba ta sake tsallakowa ba. Hawa'u ta riƙa kai mata abinci, ni kuma na jira kwana huɗu, sannan na je na durƙusa a bakin ƙofarta.

"Yaya, kwana huɗu ba ki leƙo mu ba."

"Me zan leƙa? Miyar matarka ce ban taɓa sha ba?"

"Ni zan riƙa zuwa ina kama hannunki in tsallaka da ke."

"Ni da na tsallaka Komadugu da kai a kan gora kana tsala ihu, yau kai za ka ja ni kamar akuya a taku ashirin? Bukar, tashi ka ba ni wuri."

Na tashi na ba ta wuri. Na ɗauka fushi ne na kwana biyu, zai wuce. Bayan mako guda ina wanke ƙafa a tsakar gida Hawa'u ta matso kusa da ni.

"Malam, ka san Yaya ta aika wa Kyari?"

"Ta aika masa me?"

"Ta ce in damina ta wuce ya zo da mota ya ɗauke ta. Ta ce zaman ɗaki ita kaɗai kamar mai takaba ya ishe ta, gara ta je inda ba mota."

Kyari ɗanta ne, babban ɗan'uwanku, yana N'Guelbély da iyalinsa da 'yan dabbobinsa. Yaron kirki ne, zai riƙe ta da kyau, ban yi shakka ba. Amma wanda ya san hanyar can ya san ba wurin da za ka ce bari in je in gaishe ta in dawo ba ne, balle a wannan lokacin na shingaye da bincike. Ita ta haura saba'in, ni na haura sittin. Na san in ta shiga motar nan, sai dai in ji saƙo. Raina ya ɓaci ƙwarai, na rasa wa zan yi wa faɗa, sai na yi wa buta.

Washegari na je wurin Bulama, mai unguwarmu. Ya sa aka rubuta takarda, muka kai ofishin magajin gari tare. Aka karɓe mu da mutunci, aka ba mu kujera, aka ce za a duba, sai dai akwai unguwanni da yawa a gabanmu. Maganarsu gaskiya ce. Amma kun san ni da haƙuri ba mu haɗa hanya ba, kuma damina saura wata biyu. A Damagaram na taɓa ganin irin tudun nan da ake gindayawa a titi don mota ta rage gudu. Na zauna na yi tunani, na ce wannan ai ba wani ilimi ba ne, gefen fangali ne aka ɗora a kan hanya. Mutumin da ya shekara hamsin yana ɗaga laka yana tare ruwan Komadugu, tudun titi ne zai gagare shi? Na gaya wa Hawa'u.

"Malam, titi fa ba garkarka ba ce."

"Yayata ce ko taki?"

"Tamu ce. Ni dai na faɗa."

Lokacin bazara ne, aikin garka ya yi sauƙi, kogi ya janye ya bar baƙar laka a fili. Na kira Mala Gana, maƙwabcina a garka, da wasu manoma biyu. Muka yi kwana biyu muna jido laka a amalanken shanu. Muka gindaya itace a bakin titi muka ce ana aiki, direbobi suka ɗauka daga sama ne, suka juya ba gardama. Muka kwaɓa lakar da ƙaiƙayin shinkafa yadda muke yi wa babbar hanyar ruwa, muka ɗora, muka tattake da ƙafa, muka yayyafa ruwa, muka sake ɗorawa, muka sake tattakewa, sannan muka rufe da jar ƙasa. Tudu uku muka yi, ɗaya a saman gidajenmu, ɗaya daf da ƙofata, ɗaya a ƙasa da kangon Yaya kaɗan. Muna cikin na farko Mala Gana ya dafa shebur.

"Bukar, ba za mu bar ɗan wuri a gefe ba?"

"Mu bar wa wa? Ka bar wa direba tafin hannu, sai ya cusa taya ɗaya ta wurin, ya bi ta jikin bango inda mata ke tafiya. Daga bango zuwa bango za mu yi."

Haka muka yi, daga bango zuwa bango. Da muka gama na hau na tsakiya na yi tsalle a kai, ko gezau. Mala Gana ya duba ya ce wannan ko ɗigon ruwa ba zai wuce ba, muka yi dariya muna jin daɗin kanmu. Mu huɗu, dukanmu masu furfura, dukanmu ruwa ne sana'armu, babu wanda ya ji abin da bakinsa ya faɗa.

Ranar da muka janye itacen, unguwa ta fito kallo. Motar farko taksi ce. Ta taho da gudunta na kullum, ta hau tudun sama, ta yi sama ta dawo, muka ji fasinjoji suna salati. Direban ya fito yana huci.

"Wane ne ya yi wannan aikin?"

"Ni ne," na ce. "Ga gidana nan, ga ni."

"Baba, ka san abin da ka yi wa motata?"

"Kai ka san abin da irinku suka yi wa yayata? In kana sauri ga babbar hanya can, ba wanda ya gayyace ka."

Ya dube ni, ya dubi jama'a, ya koma motarsa yana gunaguni. A na biyu da na uku kuwa lallaɓawa ya yi kamar mai ɗauke da ƙwai. Cikin mako guda rabin motocin suka koma babbar hanya, sauran suka koyi ladabi. Tabarmin tsofaffi suka dawo inuwar bango. Mai ƙosai ta dawo da kaskonta bakin titi. Mata suka koma tafiya a tsakiyar hanya da tulu a ka suna hira, mota na biye da su a hankali. A kwana na huɗu ina gyara sarƙar keke a ƙofar gida, sai ga Yaya Fanna da sabuwar ƙwarya. Ta tsaya a bakin titi, ta karkata kai ta saurara, ta tako har ta iso. Ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba. Jim kaɗan na jiyo ta tana tambayar Hawa'u wa ya koya mata zuba daddawa haka. Daɗi ya kama ni har na kasa mayar da sarƙar. Sai dai maganar Kyari ba ta janye ba, kuma ban yi ƙarfin halin tambaya ba.

Ba kowa ya gode mini ba. Masu keke suka fara ƙorafi, don tudun nawa ya yi tsini, dole mutum ya sauka ya tura har sau uku. 'Yan ga-ruwa masu kura suka ce jarkokinsu na zubewa, in ba a gyara ba za su daina shigowa. Na ce duk raki ne, ni ma ai keke nake hawa. Don in nuna musu, wata la'asar na taho da damin harawa a baya, jama'a na zaune, na ƙi sauka. Tayar gaba ta hau, ta baya ta ƙi, keken ya miƙe tsaye, na tsinci kaina a kwance cikin harawa ƙafafu a sama. Ba wanda ya yi dariya a gabana, sun ji nauyin furfura. Amma Hawa'u ta yi kwana uku in ta dube ni sai ta shige madafa. Duk da haka ban rage ko tafin hannu ba, taurin kai ya hana.

Ruwan farko da na biyu yayyafi ne, ƙasa ta shanye. Na uku ya zo bayan azahar, hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin, ya sauke kamar da bakin ƙwarya. Abin da ban taɓa tsayawa na lura ba duk zamana a unguwar shi ne titinmu ne hanyar ruwan unguwa gaba ɗaya. Ta nan yake gangarawa ya faɗa kwari. Na leƙo daga zaure na ga ruwa ya tsallake tudun sama ta ƙofofin mutane, ya haɗu da na lunguna, ya zo ya taru a bayan tudun da ke ƙasa da kangon Yaya, titi ya zama tafki. Zan faɗi abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Da na ga tudun ya riƙe ruwan nan ko yoyo babu, abin da ya fara zuwa zuciyata shi ne, kai, aikin ya yi kyau. Sai da na ga ruwan ya juya yana shiga kangon Yaya, don ɓangarenta ya fi namu gangare, sannan hankalina ya dawo jikina.

Na zari diga na fita ina kiran Mala Gana. Maƙwabta suka fito da fartanya da shebur, muka shiga ruwa har gwiwa muna sara. Lakar ta ƙi. Mun tattake ta da gaskiya, ta bushe ta zama kamar dutse, kowane sara sai diga ta dawo mini. Mala Gana yana sara yana cewa ai ya faɗa, ni ina sara ina cewa ya rufe mini baki. Kafin mu huda ta ruwa ya samu hanya, mun makara. Muka ji wani nishi daga cikin kangon, bangon ɗakin na baya ya jiƙe ya zauna, rufin ya biyo shi. Na yar da diga na ruga ina kiran sunanta, Hawa'u ta ƙwala mini kira daga ƙofa ta ce Yaya tana nan gidanmu tun hantsi, ruwa ne ya hana ta komawa. Na tsaya cikin ruwan ina ta hamdala.

Da ruwa ya ɗauke muka tono akwatin ƙarfen daga cikin laka. Tabarmarta da katifa da buhun tattasai da ta tara da hannunta duk sun tafi. Ta tsallako ta tsaya tana kallon ɗakin. Na so ta yi ihu, ta zage ni, ta ɗaga sandar nan. Ba ta yi ko ɗaya ba.

"Bukar."

"Na'am, Yaya."

"Wa ya koya maka ban ruwa?"

"Ke ce, Yaya."

"To na taɓa nuna maka fangalin da ba shi da ƙofa?"

Na sunkuyar da kai. Ta juya wajen Hawa'u.

"Kira mini Kyari a waya. Ki ce ba sai damina ta wuce ba."

Kyari ya ce a ba shi mako biyu ya samu motar da za ta iya hanyar. Yaya ta kwana a ɗakin Hawa'u, a ƙarƙashin rufin ƙaninta da ta rantse ba za ta kwana ba, kuma ni na jawo mata wannan ma. In na gaishe ta sai ta amsa wa bango. Na yi abin don kada ta tafi, ga shi na matso da tafiyar kusa. Ban taɓa jin kunya irin ta kwanakin nan ba.

Bayan kwana uku Bulama ya zo da wani ma'aikacin meri, wato ofishin magajin gari, mai kula da hanyoyi, mutum mai sanyin magana. Unguwa ta taru a ƙofata. Ma'aikacin ya ce ba a gini a kan titi ba da izini ba, kuma ni ma na ga dalili da idona. Na ce na gani. Ya ce abin da ya fi sauƙi shi ne a kwashe duka ukun. Masu keke suka ce madalla. Mata suka ce in an kwashe, gobe motoci za su dawo, su kuma su koma cikin gida. Aka kaure da musu. Ni kuwa na tsaya kamar ɓarawon da aka kama. Muna cikin haka sai ga ƙarar sanda daga zaure. Yaya Fanna ta fito, jama'a suka dare mata, ta nufi tudun tsakiya ta tsaya a kansa. Hausarta ba ta isa faɗa da ma'aikaci ba, sai ta yi Kanuri ta ce in fassara.

"Gaya masa tudun ba shi da laifi, mai ginin ne ba shi da kai."

Na fassara, har da wannan. Ma'aikacin ya dubi ƙasa yana gyara hula.

"Gaya masa a yanke nan, kamu ɗaya daga bango. Ruwa ya bi, mai keke ya bi. A can ɗaya gefen a buɗe daidai kurar 'yan ga-ruwa, a kafa gindin goruba a bakin wurin don mota kada ta sa kai. Bayan tudun kuma a kwantar da shi, ba kabari ake yi ba."

Tana faɗa tana zana ƙasa da sanda. Mutumin ya zaro abin awo ya gwada, ya taka zuwa kwari ya dawo, ya ce maganar Hajiya ta yi, sai dai a shafa farar ƙasa don direba ya hango daga nesa, kuma shi zai dawo ya duba. Ta ce ita ba ta je Makka ba tukuna, amma ta gode. A ranar muka yanke ƙofofin, masu keke da kansu suka karɓi diga. Ruwan da ya biyo baya ya bi ta gefe ya wuce salin-alin. Masu keke suka daina sauka, suna bi ta ƙofar ruwa a jere, mota kuwa dole ta hau tudu a hankali. Har mutanen wasu unguwanni suka riƙa zagayowa ta wajenmu da kekunansu in za su garka.

Saura ɗakin. Na yaye tabarmar da ke kan babur, na sa aka ɗora shi a kamiyo zuwa Damagaram aka sayar, na sayi siminti da bulo. Kun sha tambayata me ya sa da aka saki babur ban sake saye ba, kuna cewa rowa ce. To ga inda ya tafi, kuma ƙafata ta riga ta saba da keke. Lokacin dashen tattasai ne, na bar rabin garka ba dashe, shekarar ba mu ga amfanin kirki ba. Hawa'u ta ce mini me zan yi da ɗaki alhali mai ɗakin tafiya za ta yi. Na ce ko za ta tafi, ba za ta bar kangon babanmu a rushe da hannuna ba. Kullum da sassafe ni da Mala Gana da magini muna kan aiki. Yaya ba ta leƙo ko sau ɗaya ba.

Ranar da Kyari ya zo, gini ya kai ƙirji. Na hango motar tana hawa tudu tana sauka har ta tsaya a ƙofata. Ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce Kawu sai haƙuri. Na ce ba komai, Allah ya kiyaye hanya, na koma kan bulo don ba zan iya kallo ba. Ina ji aka fito da akwatin ƙarfen, aka ɗora, aka ɗaure. Ina jin Hawa'u tana jan hanci. Sai na ji sanda tana tahowa. Yaya ta shigo kangon, ta zagaya ginin tana shafa bulo da tafin hannu, ta ƙwanƙwasa kusurwa da sanda, ta tambayi magini ina taga za ta kasance. Ya nuna mata. Ta ce ba nan ba, rana za ta dame ta. Sannan ta ɗaga murya.

"Kyari, sauke akwatin nan."

"Inna, lafiya?"

"Lafiya lau. In na tafi wa zai tsaya a kan kawunka? Mutumin da ya toshe titi daga bango zuwa bango, ɗakin nan ma sai ya gina shi ba ƙofa."

Magini ya fashe da dariya, Mala Gana ya taya shi. Ni kuwa kuka na yi, ba na ɓoye muku, da gemuna da furfurata, hannu duk siminti na rasa da me zan share fuska. Ta ce in daina ɓata mata bulo da hawaye in ci gaba da aiki. Daga nan ta juya, ta dogara sandarta, ta tsallaka titi ita kaɗai, ta je ta gaya wa Hawa'u ta ƙara tuwo, akwai baƙo daga N'Guelbély.